Tsawon harsashi da siffar ƙwaya: jagora ga mai ɗura wa bindiga mai liba da hannunsa

Duk wanda ya taɓa zuwa ƙauyukan Amurka a watan Nuwamba, lokacin da ake buɗe farautar barewa, ya san bindigar nan mai liba a ƙarƙashi. Ka tura libar ƙasa, kwanson da aka harba ya yi tsalle waje, ka jawo ta sama, sabon harsashi ya shige ɗakinsa, wato gurbin da ke gindin bututun harbi. Wadda ta fi shahara ita ce Winchester ƙirar 1894, aikin John Moses Browning, an ƙera ta fiye da miliyan bakwai. Kishiyarta kuwa Marlin 336 ce, ta fito a 1948. Dukansu an fi saninsu da harsashin .30-30, wanda ya shigo kasuwa a 1895 kuma har yau ba a daina sayensa ba.

A can doka ta yarda mutum ya tara kwansunan da ya harba, ya sake ɗura su a gidansa, kuma sana'a ce da kaka ke koya wa jika. A Najeriya ba haka lamarin yake ba: dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe harsashi ko haɗa shi sai da lasisi. Saboda haka bayanin nan na inda doka ta buɗe ƙofa ne. Kuma ba za ka ga awon albarushi a cikinsa ba, don wannan daga littafin kamfanin da ya gwada shi a ɗakin gwaji ake ɗaukarsa, ba daga bakin wani ba.

Abin da nake so in zauna a kansa shi ne wanda ya fi kayar da sababbin shiga. Bindiga mai sakata irin ta sojoji tana da haƙuri, kusan duk abin da ya shiga ɗaki za ta karɓa. Mai liba ba ta da wannan halin. Ita ke zaɓar tsawon da take so da irin hancin da take so, kuma ba ta karanta littafi ba. Aikinka shi ne ka tambaye ta tun kafin ka buɗe gwangwanin albarushi.

Sunayen kayan, don mu fahimci juna

Harsashi abu huɗu ne a haɗe: kwanso na tagulla, firaima wato ɗan maɓallin da ke gindin kwanso mai tayar da wuta, albarushi, sai ƙwaya wadda ita ce ke fita. A bindigar kuwa akwai bututun harbi a sama, bututun ajiya a ƙarƙashinsa inda harsasai ke jere, maɗauki mai ɗaga harsashi daga ajiya, da sakata mai tura shi cikin ɗaki. Awon sana'ar duk da inci ake yi, kuma ana kasa incin gida dubu. Idan na ce 0.010, kusan rubu'in milimita ke nan. Nauyin ƙwaya da giren ake faɗa, ƙwayar .30-30 mai giren 170 ta kai kimanin giram 11.

Mataki na farko: duba inda bindigarka ke ajiye harsashi

Ba kowace mai liba ce ke da bututun ajiya ba. Savage 99 tana da ma'aji mai juyawa a ciki, Winchester 1895 da Browning BLR suna da akwati inda harsasai ke kwance bisa juna. A waɗannan, ƙwaya mai tsini ba matsala, ka tsallake rabin abin da zan faɗa. Amma Winchester 1873 da 1892 da 1894, da Marlin 336 da 1894 da 1895, da Rossi R92 ta Brazil, da yawancin na kamfanin Henry, duk bututu gare su. A cikin bututun nan harsasai na jere kamar masu bin layi, hancin na baya yana dafe da gindin na gaba, daidai kan firaima, ga kuma sifirin, wato naɗaɗɗiyar waya mai turi, yana danne su gaba ɗaya.

Yanzu ka harba. Bindiga ta yi shuri baya, jerin harsasan ya saki, sannan sifirin ya sake haɗa su da ƙarfi. Idan hancin na baya mai tsini ne kuma mai tauri, to ya zama allurar bugu. Harsashin da ya tashi a cikin bututun ajiya ba shi da ɗakin ƙarfe mai kauri da zai tare shi, kuma hannunka na hagu a daidai wurin yake riƙe.

Mataki na biyu: zaɓen ƙwaya

Ƙa'idar ita ce hanci mai faɗi. Amma yaya faɗin? Firaima iri biyu ce: babba faɗinta inci 0.210, ƙarama 0.175. Ga gwajin da kowa zai iya yi a kan tebur: ka kife kwanso wanda aka riga aka harba, ka ɗora hancin ƙwayar a gindinsa. Idan fuskar ta haye ramin firaimar ta zauna a kan tagullar da ke kewaye, hankali kwance. Idan ta nutse cikin ramin tana taɓa tsakiya, sai ka tsaya ka yi tunani. Ga masu shuri da ƙarfi irin .45-70 da .444 Marlin ni ba na sassauci, fuskar sai ta kai faɗin firaima ko ta wuce.

A .30-30 abin ya ɗan bambanta. Ƙwayar faɗinta duka 0.308 ne, don haka fuskarta ba ta cika kai faɗin babbar firaima ba, kuma kamfanoni sun daɗe suna sayar da mai dunƙulen hanci na darma mai laushi ba tare da tashin hankali ba. Laushin darmar da sauƙin shurin ne ke ceto. Abin da za ka yi shi ne ka sayi ƙwayar da aka rubuta a kwalinta cewa ta .30-30 ce. Akwai ƙarin riba a nan: an yi rigarta siririya don ta buɗe a gudun wannan harsashin, wato ƙafa 2,390 a daƙiƙa ga mai giren 150, ƙafa 2,200 ga mai 170. Ƙwayar da aka yi wa .30-06, ko da faɗinsu ɗaya, tana iya ratsa dabba ba ta buɗe ba. Mai dunƙulen hanci da aka lulluɓe da jan ƙarfe har sama kuwa, irin ta atisayen soja, kada ta kusanci bututu.

Faransawa sun taɓa shan wannan wahalar. Bindigarsu ta Lebel ta 1886 bututun ajiya gare ta, kuma da suka koma ƙwaya mai tsini sai suka yanka zobe a gindin kwanso kewaye da firaima, don tsinin na baya ya faɗa ciki maimakon ya taɓa ta. Remington kuma a ƙirarsa ta Model 14 ya murɗa bututun ajiyar don harsasai su zauna a karkace. Mafitar zamaninmu ta zo ne daga kamfanin Hornady wajen 2006, da ƙwayar FTX mai tsinin roba mai laushi wanda ke lotsawa idan aka danne shi. Tana aiki, kuma tana miƙe tafiyar harsashi a nesa, sai dai tana da nata sharaɗin tsawo da za mu zo kansa. A kula: ba kowane tsinin roba ne mai laushi ba. Yawancin ƙwayoyi masu jan kai ko koren kai da ake yi wa bindigogin sakata robarsu tauri gare ta kamar ƙaho.

Wasu sukan yi dabarar biyu kacal: mai tsini ɗaya a ɗaki, ɗaya a bututu, tunda ba wanda zai dafa wani. Lissafin daidai ne, amma ni ba na so. Ranar da ɗan'uwanka ya ɗauki akwatin nan ya cika bututu, bai san sharaɗin da ke cikin kanka ba.

To, faɗin fuska shi ma idan ya yi yawa yana da nasa ciwon. Harsashi a yawancin waɗannan bindigogi a karkace yake hawa zuwa ɗaki, hanci sama. Ƙwayar darma mai kafaɗa mai kaifi, irin wadda masu harbin takarda da bindigar hannu ke so don tana yanka rami mai kyau, kafaɗar kan maƙale a bakin ɗaki. Mai fuska faɗi ƙwarai da gajeren hanci mai kauri kuma takan ci karo da murɗaɗɗun tsagogin bututu tun sakata ba ta rufe ba, domin masu liba maƙogwaronsu, wato tazarar da ke tsakanin ɗaki da farkon tsagogin, gajere ne. Waɗanda suka fi shiga lami lafiya biyu ne: mai zagayen hanci da aka datse samansa ya yi faɗi, da mai gangare a miƙe kamar mazurari da aka yanke kansa. Masu gasar harbin kaboyi ta ƙungiyar SASS, waɗanda ke juya liba da sauri kamar ana kora su, kusan duk waɗannan biyun suke ɗurawa.

Idan darma za ka harba, ka duba kaurinta. Marlin ya yi shekaru yana yin bututu mai ƙananan tsagogi da yawa da ya kira Micro-Groove, kuma an daɗe ana cewa ba ya son darma. Gaskiyar ita ce yana son darma mai ɗan ƙiba da tauri: 0.310 ko 0.311 a .30-30, sannan 0.431 ko 0.432 a .44 Magnum. Amma ƙwaya mai ƙiba tana kumbura wuyan kwanso, don haka dole a tabbatar ɗaki zai karɓa. Tsoffin Marlin .44 kuma murɗin tsagoginsu a hankali yake, zagaye ɗaya a inci 38, shi ya sa doguwar ƙwaya mai nauyi sama da giren 300 ba ta cika tafiya a miƙe ba. Bayan Ruger ya sayi Marlin a 2020 ya mayar da murɗin zagaye ɗaya a inci 20.

Mataki na uku: daidaita tsawon kwanso

Wannan aikin ba daɗi, amma duk abin da zai biyo baya a kansa ya dogara. Kwanso na miƙewa kaɗan kaɗan duk lokacin da aka harba aka kuma matse shi a dayis, wato ƙarfen da ake ɗaurawa a injin ɗuri don gyara kwanso ko zaunar da ƙwaya, musamman mai wuya irin .30-30. Idan hamsin ɗinka tsawonsu ya bambanta, damƙar da bakinsu ke yi wa ƙwaya za ta bambanta: wani a sake, wani ya lanƙwashe. Ƙungiyar SAAMI, wadda tun 1926 take tsara awon makamai da harsasai a Amurka, ta ba da iyaka. Kwanson .30-30 kada ya wuce 2.039, na .45-70 kada ya wuce 2.105, na .357 Magnum 1.290, na .44 Magnum 1.285. Al'ada ita ce a datse ƙasa da iyakar da 0.010. Ka matse su a dayis tukuna, sannan ka auna da kalifa, wato ma'aunin tsawo mai baki biyu, ka datse duka su zo ɗaya, ka goge kaifin bakin ciki da waje. Kada ka gauraya kwansunan kamfanoni daban a aiki ɗaya.

Ga inda FTX ke shammatar mutane. Hancinta dogo ne, don haka idan aka zaunar da ita a kwanso mai cikakken tsawo, harsashin ya wuce iyaka. Hornady ya ce a datse kwanson .45-70 zuwa 2.040 idan ita za a ɗura, kuma kwansunan harsasansa na LEVERevolution haka suke zuwa a gajarce. Haka abin yake a .357 da .44 Magnum. Wanda ya tsinci irin waɗannan a filin harbi ya zuba cikin nasa, zai yi ta mamakin dalilin da dayis ya ƙi damƙe bakin wasu. Ka ware musu gwangwaninsu daban ka rubuta a jiki.

Mataki na huɗu: harsashin wofi

Nan ne zuciyar aikin. Harsashin wofi kwanso ne da ƙwaya kawai, babu firaima, babu albarushi. Ka yi aƙalla biyar. Ni nakan yi adadin da zai cika bututu, domin halin sifirin idan an cika shi dam ba ɗaya ba ne da idan saura ɗaya. Ka huda gefen kowane kwanso ko ka shafa masa fenti, yadda ko a duhu ba za a rikita shi da na gaske ba. Kafin ka fara, ka fitar da duk wani harsashi mai rai daga ɗakin da kake aiki, ka buɗe bindigar ka leƙa ɗaki, ka kuma tabbatar kana ganin kan abin turin da ke cikin bututun ajiya.

A jikin ƙwayar akwai zobe, wata tsaga da aka yi don bakin kwanso ya shiga. Ka sassauta sandar dayis mai tura ƙwaya cikin kwanso, ka riƙa sauko da ƙwayar a hankali har bakin kwanso ya kai kusan saman zoben, ya rage ɗan siriri ana gani. Sai ka auna daga gindi zuwa hanci. Iyakar SAAMI ta cikakken harsashi ga ta: .30-30 da .45-70 duka 2.550, .444 Marlin 2.570, .35 Remington 2.525, .357 Magnum 1.590, .44 Magnum 1.610, .45 Colt 1.600, .44-40 kuma 1.592. Ƙwayar da aka yi don harsashin, a kwanso mai daidai tsawo, yawanci takan faɗo a ƙasa da iyakar da kanta. Idan ta haura, alama ce ta farko cewa ba don wannan aikin aka yi ta ba.

Ka damƙe bakinsu kamar yadda za ka yi wa na gaske, ka shafe hancin guda biyu da baƙin alƙalami mai tawada, ka rubuta tsawon kowanne a takarda. Sai ka zura su ta ƙofar ɗuri, wadda ake cika bututun ajiya ta cikinta. Tun a nan za ka fara jin labari: wanda ya yi tsawo yakan ƙi lanƙwasowa ta ƙofar.

Ka juya libar da niyya, ƙasa har ƙarshe, sama har ƙarshe. Waɗannan bindigogi ba sa son sanyin hannu, kuma rabin maƙalewar da ake ɗora wa harsashi laifin mai tsayawa a rabin hanya ne. Bayan zagaye biyu da sauri, ka yi ɗaya a hankali kana kallon ciki. Sannan ka maimaita da bakin bindiga a sama, da shi a ƙasa, da kuma bindigar a kwance ta gefe. A daji ba kullum a miƙe za ka riƙe ta ba.

Abin da za ka gani ɗayan huɗu ne. Idan harsashi ya yi tsawo, gindinsa zai kai ƙarshen maɗauki alhali hancinsa na cikin bututu, maɗauki ya so tashi ya kasa, liba ta ƙame a buɗe. Idan ya yi gajarta, abin ya danganta da ƙira. Winchester 1873 da kwafinta na Uberti da ake yi a Italiya suna da maɗauki na dunƙulen tagulla mai hawa sama a tsaye, kuma tsawon harsashin da ke ciki ne ke tare na bayansa. Gajere ya shiga, sai gindin na biyu ya biyo shi ya tsaya rabi a ciki rabi a waje. Shi ya sa masu ɗura .38 Special, mai gajeren kwanso, don irin wannan bindigar suke zaɓar ƙwaya mai dogon hanci, kuma ba sa son sauka ƙasa da kimanin 1.45. A ƙirar 1892 kuwa gajere yakan miƙe tsaye ko ya yi tsalle ya fice ta sama da ransa. Na uku, hanci ya daki bakin ɗaki ya tsaya, wannan siffa ce ba tsawo ba, ragewa ba za ta yi magani sosai ba. Na huɗu, komai ya shiga amma liba na yin nauyi a ƙarshen rufewa. Ka fitar ka duba tawadar nan. Idan ka ga sawun tsagogi a jere kewaye da hanci, ƙwayar na cizon bututu. Illarsa biyu: matsi na ƙaruwa lokacin harbi, kuma ranar da ka so sauke bindiga ba ka harba ba, kwanso zai fito ya bar ƙwaya a maƙogwaro, albarushi ya zube cikin bindigar.

A Marlin akwai ƙarin gwaji ɗaya. Tagar fitarwa a gefe take, kuma harsashin da ya shiga ɗaki lafiya yana iya ƙin fitowa ta tagar idan ba a harba shi ba. Mafarauci na sauke bindigarsa sau da yawa fiye da yadda yake harba ta, don haka wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ni kaina na sha kunyar wannan. Na samu ƙwayar da sanannen maharbin Amurka Elmer Keith ya tsara, mai giren 173, wadda ake zubawa a mazubin Lyman 358429, tana tafiya da kyau a bindigar hannuna. Na ɗura hamsin a kwanson .357 ba tare da na yi na wofi ba, na zura su a mai liba. Harsashi na farko ya ƙame ta. Keith ya yi hancin nan dogo ne don kwanson .38 Special, a kwanson .357 kuwa yana haura 1.590 da nisa. Sai da na kwance murfin bututun ajiya, na zare sifirin, na zazzage masu rai tara a kan bargo, gumi na keto min. Da na yi biyar na wofi, minti goma ya isa in gane.

Idan kuma kowane tsawo ka gwada na biyu yana biyo na farko ƙarƙashin maɗauki, har da harsashin kamfani, to ba ɗurinka ba ne. Tsoffin Marlin suna da wani ciwo sananne, inda kaifin jikin liba ke cin ƙasan maɗauki har ya yi gurbi. Wannan aikin maƙerin bindiga ne.

Mataki na biyar: idan zobe da tsawo suka saɓa

Ka riƙa ragewa 0.010 a kowane gwaji har bindiga ta karɓa ba gardama, ka rubuta. Idan kana da haƙuri ka nemo ƙarshen gajarta ma, sai ka zauna a tsakiya, ba a bakin iyaka ba, domin ƙwayoyin kwali ɗaya ma hancinsu na bambanta da 'yan dubbai.

Matsalar ita ce wani lokaci tsawon da bindiga ke so ya sa zobe ya nutse cikin kwanso. Hanya uku ce. Mafi sauƙi kuma wadda na fi so, ka sauya ƙwaya. Ta biyu, ka datse kwanso ya sauko daidai zoben, kamar yadda ake yi wa FTX. Ta uku, idan darma ce, ka damƙe a kan kafaɗar gaba, ko ka yi amfani da dayis ɗin Lee mai matsewa daga gefe wanda ke iya yin nasa gurbin.

Amma biyun ƙarshe suna da farashi. Duk abin da ka tura ƙwaya ciki, ka rage wa albarushi wurin zama, matsi kuma ya hau. A .30-30 mai faɗin ciki bambancin 0.010 ba ya da yawa. A .357 da .44 Magnum, inda wurin ɗan kaɗan ne kuma iyakar matsinsu ta kai 35,000 da 36,000 a ma'aunin psi, wato fam a kan kowane murabba'in inci, ƙaramin nutsewa babban abu ne. Tsawon da aka rubuta a littafin ɗuri shi ne wanda aka yi gwajin da shi. Idan ka sauka ƙasa da shi, adadin da ke gefensa ba naka ba ne kuma. Haka ƙwayar jan ƙarfe zalla, irin ta Barnes, wadda ta zama dole ga mafarautan Kalifoniya tun da jihar ta hana farauta da darma a Yulin 2019: ta fi ta darma tsawo a nauyi ɗaya, don haka tana cin wuri a ciki ko da tsawon waje bai canza ba. Ka nemi awon da aka buga don ainihin ƙwayar da ke hannunka, ka fara daga mafi ƙanƙanta. A .45-70 kuma ka lura littattafai sun kasa awon gida uku: na tsohuwar Springfield ta 1873, na masu liba irin Marlin 1895, da na Ruger No. 1. Shafinka na tsakiya ne ko na farko, ba na uku ba.

Mataki na shida: damƙar baki

A bindigar hannu mai juyi, shuri na zaro ƙwaya waje. A bututun ajiya akasin haka ne, ana tura ta ciki: sifirin na dannawa, kowane harbi kuma kamar bugun guduma ne a hanci. Ƙwayar da ta nutse ta jawo maka abu biyu a lokaci ɗaya, gajeren harsashi mai maƙalewa da matsi mai hawa.

Abin da ke riƙe ƙwaya na farko shi ne matsewar wuyan kwanso, damƙa taimako ce kawai. Idan ƙwaya na shiga da ɗan turin yatsa, ba damƙar da za ta gyara. Ka duba abin buɗa wuya ko ya yi kauri, ko kwanson ya gaji. Ka buɗa baki daidai yadda gindin ƙwaya zai zauna ba tare da an kankare darma ba, kada ka ƙara.

Ka raba zaunarwa da damƙa zuwa aiki biyu. Idan aka haɗa, baki na rufewa alhali ƙwaya na ci gaba da sauka, sai ya kankare ta ko kwanso ya tanƙware. Ka zaunar da duka tukuna, ka janye sandar sama, ka sauko da jikin dayis har ya taɓa bakin kwanso, sannan ka riƙa ƙarawa kashi ɗaya cikin takwas na zagaye kana dubawa. Abin da kake nema shi ne bakin ya lanƙwasa ya shige zobe, idan ka goga farce daga ƙwaya zuwa kwanso ba ya maƙalewa sosai. Idan ka zarce, kafaɗar .30-30 za ta kumbura kaɗan yadda ido ba ya gani amma ɗaki ya ƙi karɓa. Kwanson .44-40 kuwa bakinsa siriri ne kamar takarda, ƙaramin ganganci ya murƙushe.

Gwajinsa: ka auna na wofi, ka dafa hancinsa a gefen teburin katako ka danna da ƙarfin hannu, ka sake aunawa. Ka kuma sake auna waɗanda suka yi ta zagaye a bindiga. Wanda ya ragu da fiye da 'yan dubbai biyu ko uku, riƙonsa bai isa ba.

Firaima kuma, idan lokacin ɗura na gaske ya zo, kowace ta nutse ƙasa da gindin kwanso da kamar 0.003 zuwa 0.005. Ka shafa yatsa a kan kowace ɗaya. Wadda ta ɗago, a bututun ajiya, ko ƙwaya mai faɗin fuska na iya taɓa ta.

Mataki na bakwai: filin harbi

Kada ka ɗura ɗari. Goma ko goma sha biyar sun isa. Na farkon ka sa su ɗaya ɗaya kai tsaye a ɗaki, da tabarau da abin toshe kunne, kana lura da yadda liba ke buɗewa. Waɗannan bindigogi ta baya sakatarsu ke kullewa, kuma sau da yawa nauyin buɗewa ko liba ta ɗan ɓalle da kanta shi ne gargaɗin farko. Kada ka jira firaima ta baje, domin .30-30 iyakar matsinta 42,000 ne a ma'aunin psi, .45-70 kuma 28,000, kana iya wuce su firaima ba ta nuna komai ba.

Daga nan sai gwajin bututu. Ka zaɓi harsashi ɗaya ka auna, ka yi masa alama, ka fara zura shi don ya zauna can gaba, ka cika sauran a bayansa. Ka harbe duka ban da shi, ka fitar ka auna. Ka sake mayar da shi zagaye na biyu. Idan bayan ya sha bugun cikin bututu sau biyu tsawonsa bai motsa ba, damƙarka ta yi. Ka duba hancinsa ma, darma mai laushi takan baje kaɗan, wannan ba komai muddin yana shiga ɗaki.

Wanda ya harba .38 Special da yawa a bindigar .357 ya goge ɗaki da buroshi kafin ya koma dogon kwanson .357, saboda gajeren kwanso na barin zoben datti daidai inda bakin dogon zai zauna. A kwalin kuma ka rubuta sunan ƙwaya da nauyinta, kamfanin kwanso da tsawon da ka datse, cikakken tsawo, da bindigar da aka yi wa gwajin. Ɗaya daga cikin na wofin nan ka ajiye shi a akwatin dayis. Ranar da za ka sake aiki, ka ɗora shi a injin ɗuri, ka sauko da sanda har ta taɓa hancinsa, ka ɗaure.